Tabarmin Da Aka Shimfiɗa A Garejin Yaya Dabo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Allah ya karɓi ran Injiniya Dabo Isyaku a gidansa da ke Fort Washington, jihar Maryland, bayan gajeriyar rashin lafiya. Washegari muka kai shi makwancinsa.

Yaya Dabo, ina rubuta wannan ne kaina a sunkuye, domin mun bar iyalinka su kaɗai a kwanakin da suka fi bukatarmu, kuma har yanzu ban san ko matarka Hajiya Hasiya za ta yafe mana ba.

Ni dai a ɗakin ƙasa na gidanka na fara kwana a Amurka, kamar yawancinmu. Kai ka ɗauko ni daga filin jirgi, ka saya mini rigar sanyi, ka koya mini tuƙi a hanyoyin nan masu rikitarwa, kana yi mini dariya duk lokacin da na ɓata. Ran Lahadi ka kan loda mu a mota zuwa tashar jiragen ruwa, mu yi ta kallon kwale-kwalen masu kuɗi, kai kuma kana zaɓa wa kowa nasa. Da yamma a hura gawayi a bayan gida, a gasa tsire, bareyi na leƙowa daga daji suna cinye maka yakuwar da ka shuka. Ka yi ta yi musu faɗa da Hausa, wai ko za su ji kunyar baƙo.

Abu ɗaya ne ka tsana: a buga maka waya kafin a zo. Ka kan ce gidanka ba asibiti ba ne da za a nemi lokaci.

To ga abin da muka yi. Daga maƙabarta kowa ya shige motarsa ya nufi aiki. Da yamma wani ya rubuta a zaurenmu na WhatsApp cewa a bar iyali su huta, kada a dame su, sai ƙarshen mako. Wallahi babu wanda ya musa. Ni ma na ce haka ne, har ina ganin wayewa ce.

Ashe Hajiya ta sa an ɗage ƙofar gareji, an fitar da motoci, an shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru har bakin titi, kamar yadda ake zaman makoki a gida. An dafa shinkafa tukunya guda. Tana ciki tana sauraron sallama, ganyen bishiya kawai ke zubowa a kan tabarmin. Mutanen unguwa da suka ga kaya a waje sai suka ɗauka gwanjo ake yi. Wata tsohuwa Ba'amurkiya mai suna Abby, da ke ƙarshen layin, ta tsaya tambayar kuɗin tabarma. Da aka gaya mata abin da ake ciki, sai ta cire takalmi ta zauna. Haka ta yi ta zuwa har aka yi uku, ba ta san ko addu'a ɗaya ba.

Ran Asabar na buga wa Hajiya waya, na tambaya ko ƙarfe nawa ya dace mu zo. Sai ta ce, "Rilwanu, yau kai ne kake neman izinin zuwa gidan Dabo?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mun je, mun cika gidan, amma an riga an naɗe tabarmin. Ta gaisa da kowa cikin mutunci, ba ta ɗaga murya ba. Ta dai ce da ta fita takaba za ta sa gidan a kasuwa ta koma Zariya, domin saboda jama'a kuka sayi gida mai girma haka, yanzu kuwa ta ga iyakar jama'ar.

Allah ya jiƙanka, Yaya Dabo, ya yalwata kabarinka, ya karɓe ka fiye da yadda ka karɓe mu. Hajiya, da 'ya'ya, da dangi na Zariya, ga ta'aziyyarmu, ta zo a makare. Allah ya ba ku haƙuri. Mu kuma ranar da tamu ta zo, Allah ya haɗa iyalanmu da mutanen da suka fi mu.