Shanunka Nawa? Tafiyata Potiskum da Kwamfuta

Ana idar da sallar asuba ranar Talata muka bar Kano, ni da wani abokina da ya ce zai raka ni, sai kwamfutata da na naɗe da bargo kamar jinjiri. Kujera guda na biya mata a fijo, don na ƙi yarda a cusa ta cikin but tare da buhunan albasa. Wata tsohuwa a bayanmu ta tambaya ko talabijin ɗin amarya ce.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni. Shekara shida ina rubuta manhaja a wani kamfani, aikin bai wuce jera sunayen ma'aikata da ranakun hutunsu ba. Na gaji, wallahi. A unguwar Dogo Nini ta Potiskum aka haife ni, kuma ina ƙarami na ga yadda ciwon huhu ya share garken wani maƙwabcinmu a damina ɗaya, mutumin ya ƙare a gadi. Sai na ajiye aiki, na kulle kaina a ɗaki wata takwas, na rubuta manhajar da za ta nuna garken da aka yi wa rigakafi da wanda lokacinsa ya yi. A gida kuwa, nama ya ɓace daga miyar matata. Idan makiyaya suka karɓa, na tsaya da ƙafafuna. Idan suka ƙi, ba ni da wata dabara.

Hanya ba ta yi mana daɗi ba. Daga Wudil zuwa Azare babu gidan mai ko ɗaya da ke sayarwa, sai 'yan bumburutu da galan, farashinsu ya kusa ninka na gwamnati sau uku. A kowane shinge sai soja ya ce in kwance bargo ya gani. Masar Azare ce kaɗai ta faranta mini rai, da zafinta, ga miyar taushe.

Da la'asar muka sauka Potiskum, gidan kawuna a unguwar Yerimaram. Washegari Laraba, ranar kasuwa, muka ɗora kwamfuta a kura zuwa Kasuwar Shanu. Tireloli sun yi layi ana loda bijimai zuwa Kudu. Nan Fulatanci, can Barbarci, ga Ngizim da Karekare, amma da an zo ciniki kowa sai ya koma Hausa. Wani mai shagon maganin dabbobi ya ba ni kusurwa, ya tayar mini da janareta, kawu kuma ya je ya zo da wani ardo, dattijon da makiyayan yankin ke jin maganarsa.

Muka gaisa, na gyara zama, na karanta masa tambayar farko da ke kan allon.

"Baffa, shanunka nawa?"

Ya dube ni, ya dubi kawu. "Alhaji, ɗan naka jangali yake karɓa?"

Na rantse masa ba harajin shanu ya kawo ni ba, taimako ne. Ya yi murmushi. "Yaro, mu ba mu ƙirga shanu. Wanda ya ƙirga, raguwa suke yi. Tambaye ni kowace saniya, in faɗa maka uwarta da kakarta da shekarar da ta yi tari. Amma nawa? Wannan sai Allah."

Na juya ga allon. Manhajar ba ta matsawa gaba sai an cike wannan gurbin, ni na tsara ta haka da hannuna. Nan take na cire shi. Ta buɗe kuwa, sai dai duk lissafin allura da na ranaku a kan wannan adadin na gina shi, sai ta tsaya tana kallona babu abin faɗa. Na gwada mutum huɗu bayansa. Biyu suka ce akuya uku gare su, ɗaya ya ce shanun na yayansa ne, na ƙarshen ya tafi alwala bai dawo ba.

Abin da ya fi ci mini rai, na san wannan al'adar. A garin nan na tashi, na sha jin ta. Zaman ofis ne ya mantar da ni, inda in ka ba mutum takarda sai ya cike.

Ranar Alhamis muka juyo. Wannan karon ni da kaina na ce wa direba ya sa kwamfutar a but. Abokina ya yi ta ba ni baki har Wudil, sannan ya yi barcinsa.

Tafiyar ta koya mini cewa son taimakon mutane daban, sanin mutanen daban. Wata takwas na yi ina yi wa makiyaya aiki, ban taɓa zama da ko ɗaya na tambaye shi abin da yake so ba. Jiya na aje girman kai na koma tsohon ofishinmu. Oga ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini lemo, sannan ya gabatar da ni ga wanda ke zaune a kujerata.