Farar Fitilar da Na Ɗora wa Murjanin Baba Isiyaku

Akwai wata Laraba da ta ƙi fita daga raina, kuma ku da kuka shigo aikin sola kwanan nan gara ku ji labarinta daga bakina kafin wani ya ƙara mata gishiri. Bazara ce, ban daɗe da samun ƙarin girma zuwa babban mai haɗa wuta ba. Ofishinmu yana Katsina, ni aka ba Batsari da Safana. Tsarin aikin shi ne Oga Bishir, shugaban sashenmu, ya aiko da takarda mai ɗauke da sunan mai gida da kayan da za a ɗaura. In na gama, mai gida ya gwada na 'yan kwanaki, ya sa hannu, in mayar da takardar. Ba a yarda ma'aikaci ya canza kaya da ra'ayinsa ba. Na san wannan sarai, amma ni mai rawar kai ne, kuma sabon matsayi yana ɗibata.

Takardar ta kai ni gidan Baba Isiyaku a cikin garin Batsari. Dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injin jiragen ruwa a Legas, ya dawo gida, yanar ido ta fara rufe masa gani. A ɗakinsa akwai akwatin gilashi mai tsawon benci, cike da ruwan gishiri da yake haɗawa da kansa. A ciki akwai kifaye uku da wasu abubuwa a kan duwatsu da ya ce murjani ne. Ni murjanin da na sani shi ne na wuyan kakata. Ya ce wannan rai gare shi, kuma da haske yake rayuwa. Babban cikinsu launin ƙasa-ƙasa ne, mai rassa kamar busasshiyar sabara. Shekara goma sha ɗaya yana renonsa, kuma a kan cinyarsa ya riƙo shi cikin 'yar kula mai ruwa tun daga Legas.

Tsohuwar fitilar akwatin ta dishe wata da watanni, shi ya sa ya yi odar sabuwa. Doguwa ce siririya, yawancin ƙwayayenta shuɗi, tana da maɓallin rage ƙarfi da agogon da ke kunna ta da safe ya kashe ta da yamma. Na ɗaura, na kunna, ɗakin ya koma kamar wurin biki. Baba ya matso da fuskarsa jikin gilashin ya ce, "Ɗana, ta kama kuwa? Ni dishi-dishi nake gani."

A nan sai na yi muku bayanin yadda muke zaɓen fitila a yankin nan. Tun da tsaro ya lalace, duk wanda ya kira mu tambayarsa ɗaya ce, wacce ta fi haske? Na ɗaura fitilu a katangu, a masallatai, a garken shanu, ba wanda ya taɓa cewa in rage. A kaina, fitilar kirki ita ce fara wadda ke kashe ido. Ga tsoho yana cewa ba ya gani, ga farar fitilar katanga a bayan babur ɗina. Yana fita sallar azahar na kwance shuɗiyar, na cusa ta ƙarƙashin gado, na rataya farar kamar taƙi ɗaya daga saman ruwan. Ba ta da agogo, don haka na ce wa mutanen gidan su kunna da asuba su kashe bayan isha'i.

Da ya dawo ya tsaya ya ce, "Hasken nan bai yi yawa ba? Ka dai bi abin da ke takarda?"

Na ce, "Na bi, Baba. Haka sabbi suke."

Ƙarya na yi masa, kuma a lokacin gani nake taimakonsa na yi.

Ranar Alhamis ke nan. Larabar da ta biyo na koma karɓar sa hannu, ina tafe ina fara'a. Bayan mun gaisa, ya ce idonsa ya ƙara rikicewa a makon, hasken ma yana sa shi hawaye, don haka in duba masa babban in gaya masa launinsa. Na leƙa, na ji daɗi har raina. Na ce, "Baba, ai ya yi kyau! Duk dattin nan ya fita, ya yi fari tas kamar alli."

Ya lalubi kujera ya zauna, ya ce in maimaita. Na maimaita, muryata ta fara sauka. Sai ya ce, "Abin da ka kira datti shi ne abincinsa. Wasu ƙananan tsirrai ne a cikin namansa, su ke dafa masa abinci da haske. In haske ya yi masa yawa farat ɗaya, sai ya tofar da su. Farin nan yunwa ce, ɗana. Wace fitila ce a sama?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na gaya masa gaskiya. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi in kashe ta, in duba ma'aunin zafin ruwan. Na duba, zafin ya haura inda Baba ya sa alama da jan biro.

Na fita tsakar gida ina kai da kawowa, na kira Oga Bishir. Ya ce, "Wa ya ba ka izini?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To ka gyara, kuma rahoton da hannunka za ka rubuta shi." Ya haɗa ni da wanda ya sayar da fitilar a Legas. Mutumin ya ce a mayar da shuɗiyar, a ɗaga ta sama, a rage ƙarfinta sosai, awa takwas a yini, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako. Na jawo ta daga ƙarƙashin gado, ashe garin cusawa na karya maɓallin rage ƙarfin. Tana kamawa, amma da cikakken ƙarfinta. Kafin a kawo wani maɓallin daga Legas kuwa, an ce sai an yi makonni.

Duk wannan ana yi ne a gaban Malam Iro, ƙanin Baba, manomin tumatir da ya baro Runka da iyalinsa ya zauna a gidan. Yana zaune bakin ƙofa yana kallona ina zufa. Ya ce, "Injiniya, mi ne abin ɗaga hankali? Mu in munka yi yayyafin irin tumatir da zafi, rumfa muke yi mai da kara. In ya ɗan yi ƙwari a zare kaɗan, har ya saba da rana." Na buɗe baki zan ce wannan ba gona ba ce, Baba ya riga ni. Ya ce a kawo gidan sauro.

Mun yanka tsohon gidan sauro gida huɗu, na haɗa firam da katako, muka shimfiɗa su bisa juna tsakanin fitilar da ruwan. Na sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan don ya huce. Aka yi yarjejeniya duk Laraba za a cire ɗaya, kuma Malam Iro ne zai cire, ba ni ba.

Washegari aka tura ni Safana haɗa solar rijiyar burtsatse. Jikina yana can, hankalina yana Batsari. Sau biyu na haɗa waya a baibai, abin da ban taɓa yi ba. Ina kiran Malam Iro safe da rana har ya fara amsawa da, "Yana nan inda ka baro shi, bai tashi ba." Kun san hanyar nan ba a binta in la'asar ta yi, amma sau uku ina ajiye aiki da azahar in hau babur, in leƙa akwatin minti biyar in juyo a guje. Matata ta ce ko kifin ne ya yi mini asiri. A mako na biyu na ga kamar hasken ya yi kaɗan, na kai hannu zan zare gidan sauro ɗaya kafin ranarsa. Malam Iro ya buge mini hannu ya ce, "Wannan gaggawar taka ce ta kawo mu nan. Zauna."

Na zauna, idona na kan akwatin.

Ƙananan murjanin da ke ƙasa sun farfaɗo, launinsu ya dawo a hankali. Babban kuwa, da yake shi ya fi kusa da fitilata, gansakuka ta fara hawa rassansa. Baba ya ce duk reshen da ta hau ya mutu, kuma sai an cire shi kada ta ci sauran. Shi ido babu, don haka ni ya sa. Na wanke filaya, na naɗe hannun riga, na riƙa karya su ɗaya bayan ɗaya, yana jin ƙarar kowanne daga inda yake zaune. Da na gama ya ce, "Me ya rage?" Na ce guntu ne a gindi, ƙasa-ƙasa, bai wuce babban yatsa ba.

Ya jinjina kai ya ce, "Alhamdulillahi, yana da rai. Kamar haka na same shi. Sai dai wancan lokacin ina da ido, kuma ina da shekarun jira."

Sannan ya ce in miƙo takardar, in nuna masa inda zai sa hannu. Na riƙe masa yatsa a kan layin, ina kuka kamar ba babban ma'aikaci ba.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, yawancin mutanen da muke shiga gidajensu ba za su iya duba abin da muka ɗaura ba. Wani ido ne babu, wani bai san waya ba. Maganarmu suke riƙewa. Don haka kafin ka ɗauko fitila, tambayi abin da za ta haska, ka saurari amsar har ƙarshe ko da ta ba ka dariya. In kuma mai gida ya tambaye ka ko ka bi takarda, gaya masa gaskiya a ranar. Da na yi haka ranar Alhamis, da Baba Isiyaku ya sa na sauke fitilar kafin la'asar.