Kamu Huɗu na Ƙyauren Inna

Ana sallame sallar asuba muka bar Mayahi, ni da ƙanena, muka nufi Tasawa. Gara ta cinye ƙyauren ɗakin Inna tas, tabarma kawai ke rataye a ƙofar, ga damina ta kankama. Na yi mata alkawarin sabon ƙyaure kafin ruwa na gaba. Ni na auna ƙofar da hannuna, na faɗa wa wani kafinta a Tasawa ta waya: tsawo kamu huɗu, faɗi biyu.

Hanya duk ramuka, wani ramin sai jaki ya kwana ciki ba a sani ba. A wata tsayawa na sayi ƙosai, kowane ɗaya kamar maɓallin riga. Idona na gabas, inda hadari ke haɗuwa.

Layin kafintocin Tasawa sai ƙarar injin yanka da ƙamshin katako, can gefe wani tsoho na sassaƙar turmi da gizago. Da kafintana ya fito, na dube shi sama da ƙasa. Ni dogo ne, hannuna sai ya tsinko dabino daga zaune. Shi kuwa da kaɗan ya fi turmin nan tsayi.

Na ce, "Malam, da metir ka auna?"

Ya ce, "Kamu ka ce, Alhaji. Ga hannuna, da shi na auna."

Ƙyaure ya yi kyau, jan katako, ya sha goge. Na ɗora nawa hannun, huɗun ba su cika ba, saura taƙi guda. Sake wani sai mako, hadari kuma ba ya jira. Muka ɗaure shi bisa mota. Duk hanyar komawa ina tsara abin da zan gaya wa Inna, ƙanena na ƙunshe dariya.

Muna buga ƙusar ƙarshe yayyafi ya sauko. Mun ɗaga ƙyauren ya rufe sama, ƙasa ta bar kafa. Inna ta dube shi, ta dube ni, sai ga kazarta ta kutso ta ƙasa da 'yan tsakinta.

Ta ce, "Madalla. Ko ba komai ka hutar da ni tashi buɗe wa kaji."

Ran nan muka toshe kafar da buhun yashi. Daga yau in zan aika awo, kara zan yanka daidai ƙofa in ba direba. Kamu na mai hannu ne.