Tsinken Ashanar Inna Halimatou

Kafin kasuwa ta cika, Inna Halimatou ta riga ta taso daga Saga da faifanta. Takan zuba busasshen jatan lande, ta ciro tsinken ashana daga bakin kallabi, ta shiga gwadawa. Wanda ya kai tsawon tsinken ya hau faifai. Buhun da ƙanana suka yi wa yawa kuwa, ta ɗaure bakinsa ta mayar wa Hasan, direban kamiyo, babbar motar da ke kawo mata kaya daga Kotonu. Tun shekarar da muka samu 'yancin kai take haka, yau shekara biyar.

Mutuniyar garin Tawa ce, amma shekara goma sha shida ta yi a bakin teku tana tsince jatan lande a wani kamfanin Turawa. A can ta koyi abin da mu masu ci ba mu sani ba. Ni kaina na ji tana yi wa Hasan bayani, yana ta ƙunƙuni.

"Uwar a tsakiyar teku take zuba ƙwai. In ka ga zane mai duhu a gadon bayanta, ta kusa. 'Ya'yan ruwa ke turo su tafkin bakin gaɓa, su yi watanni suna girma, sannan su koma teku su ma su haihu. Wannan da ka kawo mini ko hanyar komawa bai gani ba. Ka faɗa wa masunta, ni ba na sayen jarirai."

"Inna, in kin ƙi, wasu za su karɓa."

"Su karɓa. Ba da hannuna ba."

Sun kuwa karɓa, har da dariya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne na bara. 'Yan uwanta masu sayarwa suka kai ƙara wai tana ɓata musu ciniki, don mata sun fara zuwa da nasu tsinken. Wani komi, ma'aikacin hukuma mai kula da rumfuna, ya zo da takalminsa mai ƙyalli, ya tsaya a kanta.

"Madam, Nijar tana da teku ne? Ina ruwanki da haihuwar ƙwari? Ko ki jefar da wannan tsinke, ko ki bar rumfar nan."

Ta dube shi, ta mayar masa da irin gaisuwarsa ta Faransanci, ta ce, "Mushe, ba mu da teku, amma muna da baki."

Ta naɗe tabarmarta. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta koma gindin katanga, cikin ranar Yamai, mu kuma muna tsaye muna kallo. Ina cikin masu kallon, kuma har yau kunya nake ji.

Bana buhunan da ke zuwa rabi gari ne, sauran ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Hasan ya ce masunta na kwana a ruwa su fito da abin da bai cika kwando ba. Ran Laraba matar komin nan ta zo gindin katanga tana neman manya, wai maigida ya yi baƙi. Inna ba ta yi mata gori ba. Ta miƙa mata tsinken ta ce, "Zagaya kasuwar duka, 'yata. In kin samu wanda ya kai, ki zo ki faɗa mini." Matar ba ta dawo ba.

Inna, ke ce mai tsinke ɗaya da ya fi sandar hukuma gaskiya. Kin yi wa tekun da ba naki ba gadi, aka biya ki da zafin rana. Mun gode, Allah ya saka miki, ya yafe mana shirunmu.

Ku kuma matan Yamai, akwai ashana a kowane madafi. Gobe in za ku kasuwa ku ɗauki tsinke ɗaya. Rumfarta tana nan, mai gishiri aka ba, ita kuma tana gindin katanga har yanzu.