Furar ƴan dubiya da ƙafata ta hagu

Salama alaikum, mutanen shafin nan. Tun kakar bara ba ku ji ni ba, har wasu tsofaffin ɗalibaina sun fara tambayar ƴaƴana ko Mushe, wato ni malaminsu, ya riga mu gidan gaskiya. Ban tafi ba tukuna. Ƙafata ta hagu ce ta riga ni.

Abin ya faro da ƙishirwa. In sha moɗa, in ƙara, bakin nan kamar ban sha ba. Ga yawan fitsari, ga rama. Na ce tsufa ne, tunda tun da na aje allin lakwal, na bar koyarwa na koma gona, kowane ciwo sunanshi tsufa.

Wata rana na dawo gona, ɗiyata Zara'u ta ce, "Baba, jini ne a takalminka." Ƙaya ce ta shige babban yatsa, ni kuwa ban ji ba.

Majo, mai kula da likitar garinmu, wato ɗakin shan magani, nan kusa da Kanan-Bakashe, ya ɗaure ciwon har ya gaji, ya tura ni Mayahi. Can suka soki yatsan hannu, suka duba na'ura, suka ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe. Daga nan sai Maraɗi, inda aka cire yatsan.

Lokotoron da ya sallame ni ya ce, "Baba, ba fura, ba sukari, tuwo ɗan kaɗan."

Na ce, "Ɗana, a garinmu in ka cire hatsi, rairai ya rage."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Ya rubuta allurar da ake ajewa a sanyi. Ba mu da kuran, wato lantarki, balle firigo, sai matata ta sa ta cikin ƴar tukunya ta binne a jiƙaƙƙen yashi gindin randa.

Ina dawowa gida aka fara dubiya. Kun san halinmu, ba a zuwa wurin marar lafiya hannu rabbana, kuma wanda ya kawo yana son ya ga ka kai baki. Na farko-farko na yi ta ba su haƙuri. Sai ga yayata Tabawa tun daga Hawandawaki a bisa amalanke, da ƙwaryar fura damammiya da zuma.

Na ce, "Yaya, likita ta hana."

Ta ce, "Ni na goye ka ranar da uwarmu ta rasu. Da wannan hannun na ciyar da kai. Yau shi ne ya zama guba?"

Na sha.

To, wanda ya sha ta yayarsa gaban mutane, da wane baki zai ƙi lemon maigari? Ko shayin liman? Har abokin wasana Jaɓɓo, Bafillacen da muke tsokanar juna tun muna yara, ya zo da fura da nono yana cewa, "Kaɗo, ka sha ta talakawa, ga ta sarakai." Kowa kurɓi ɗaya, kowa don Allah ya kawo.

Ba fura kaɗai ba ce, kada in yi mata sharri. Ƴan tsinken awon sukari sun ƙare mani, majo ba shi da su, sai an je birni. Allurar ma ta yanke, muka jira wanda zai tafi Tasawa ya sayo. Ina cikin duhu, ban san inda sukarin ya kai ba.

Ciwon ya ƙi rufewa. Ya yi baƙi. Ya fara warin da har matata ke turara ɗaki kafin baƙi su shigo.

Da muka koma Maraɗi, lokotoron ya buɗe ƙyallen, ya duba ciwon da kyau. Can ya ce, "In ba a yanke ƙasa da gwiwa ba, kai za mu rasa." Tsoron da na ji a wurin ban ji irinshi ba ko ranar da aka shiga da ni ɗakin aikin yankan. Shanun huɗarmu suka tafi a kuɗin aiki, da jini, da magani.

Yanzu an ce na warke. Ma'ana dungun ya bushe, ina dogara sanda zuwa masallaci. Sukarin yana nan. Ƙafar dama ta fara irin waccan mutuwar jikin, Zara'u na duba mani tafin kullum da safe. Ban sa rai za ta kai ni nesa ba, amma ita ta rage.

Na gode wa Allah da ya bar ni. Na gode wa matata da ɗiyata, da majo, da ma'aikatan Maraɗi da suka yi ta wanke abin da ni kaina ba na iya kallo. Na gode wa ƴan dubiya, har zuciya.

Shawarata: in ƙishirwa da fitsari sun yi maka yawa, je a soki yatsanka, kada ka ce tsufa. Mai sukari ya duba ƙafarshi kullum, ya daina yawo ba takalmi. Kai kuma mai dubiya, tambayi mutanen gida abin da aka hana. Kawo zogale, ko ƙwai, ko ka zo da addu'a kawai. In ya ce a'a, kada ka ɓata rai.

Roƙo ɗaya: kada wanda ya karanta wa Tabawa wannan. Na hana kowa gaya mata, ita dai ta san ƙaya ce. Ta aiko cewa tana tafe ranar kasuwa, ta ce an samo mata zuma mai kyau. Tun jiya nake shirya abin da zan ce mata, har yanzu ban samu ba.