Sunan Yaya a Kan Ceki

Ranar da yayyafi aka wayi gari. Baba Kafinta ya naɗe cekinsa cikin leda, ya nufi banki. Kuɗin kujeru arba'in ne da ya yi wa wata makaranta, kuma da su za a yi wa mai ɗakinsa aikin ido.

Ma'aikaciyar bankin ta dubi cekin, ta dubi katinsa. "Baba, sunan mahaifi ya yi daidai, amma na farkon ba naka ba ne."

Sunan marigayi yayansa ne. Shi ya buɗe shagon kafintar, kuma shekara ashirin Baba ya kasa sauke allon da ke ɗauke da sunan yayan, har masu ciniki suka ɗauka sunan Baba ne.

Bai yi musu ba. Ya taka har makarantar, ya jira aka tashi.

Shugaban makarantar ya riƙe baki. "Haba Baba! Duk shekarun nan da sunan wani nake kiranka, kana amsawa?"

"To, sunan Yaya ne, ta yaya zan ƙi amsawa?"

Nan take aka rubuta sabo, washegari banki ya karɓa. An yi aikin, idon ya buɗe. Baba yana nan a shagonsa, sai dai yanzu da azahar yake tashi daga aiki, ya koma gida wurin mai ɗakinsa.