Sallamar Kawu a Bakin Kurmi

Jiya wani ya yi gyaran murya a matakalar gidanmu a birnin Lyon, sai marigayi Kawu ya faɗo min a rai. Da yake kiwon tumaki a duwatsun Pirene, ba ya shiga kurmi sai da gyaran murya da sallama. Wata rana ina tare da shi na yi masa dariya, ya ce, "Dabbar beyar ma mai gida ce, ba a faɗa mata haka kawai."

Ranar da muka yi kiciɓis da wata beyar, ƙatuwar dabba mai gashi da manyan farata, da 'ya'yanta, na zabura zan gudu. Ya damƙe ni da tafinsa mai kaushi da warin tumaki. "Kar ka gudu, ɗana." Muka ja da baya sannu-sannu, yana gaishe ta kamar surukarsa, har ta juya.

Kawu, Allah ya sa mala'ikun rahama ne suka amsa sallamarka.